Gaisuwar Sallah daga Bronx

Assalamu alaikum Inna,

Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi azuminmu, ya maimaita mana cikin ƙoshin lafiya. A gaida mini Baba da Gwaggo, da Yaya da iyalinsa, da Auta. Mu nan lafiya ƙalau, jikokinki sun sha ado mun je idi tare da ’yan uwanmu na Gana da Nijar. Tun 2015 makarantun gwamnati na birnin New York suke ba da hutu ranar Sallah, don haka yau gidan a cike yake da hayaniyarsu.

Na san kuɗin Sallah sun iso muku a makare, har ɗinkin yara ya so ya gagara. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake son ki ji dalili daga bakina.

Cikin goman tsakiya na je wani babban kanti na yi cefanen Sallah: kaji, shinkafa, fulawa, bota, sukari, ƙwai da cakulan. Kuɗin suka kama dala 143. Na sa katin banki, na’ura ta yi tsaye, yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce in sake sawa. Washegari da na duba asusuna sai na ga an cire sau biyu, kuma daga cikin abin da na ware muku ne. Na koma da rasit a hannu. Manajan ko kallon takardar bai yi ba, ya ce su a kwamfutarsu sau ɗaya suka gani, in jira kuɗin za su dawo da kansu. Na jira, shiru. Da na sake zuwa sai ya ce wannan ba matsalarsu ba ce. Inna, ban ga laifin yarinyar ba, yini take a tsaye, na’ura ce ta yi mata gardama. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda mutumin ya ga mayafi, ya ji harshena, ya ɗauka zan gaji in haƙura.

Sai na kai maganar banki. A nan doka ta ba mai kati kwana 60 daga ranar da aka aiko masa da bayanin asusu ya kai ƙorafi. Banki kuma yana da kwanakin aiki 10 ya bincika. In yana buƙatar ƙarin lokaci, har zuwa kwana 45, ko 90 in sayayya ce da kati a kanti, to sai ya fara mayar maka da kuɗinka kafin ya gama. Na ba su hoton rasit da shaidar cirewar biyu. Ana gobe jajibere kuɗin suka dawo, nan take na turo. Mata da yawa a masallacinmu ba su san da wannan haƙƙi ba, wasu ma tsoron banki suke ji. Yau bayan idi sai da na zaunar da su na yi musu bayani, na ce kowa ta riƙa adana rasit.

Cefanen dai bai tafi a banza ba. Jikarki ta dage sai mun yi biskit ɗin cakulan na gida, wanda a wurin Amurkawa yake kamar cincin a wurinmu. Wata mata mai masauki a jihar Massachusetts, Ruth Wakefield, ita ta fito da shi wajen 1938, har yau kuma ana buga tsarinta a bayan ledar cakulan ta Nestlé. Auta ta daɗe tana tambayata, to ga shi a karanta mata. A buga bota kofi ɗaya da sukari kofi ɗaya da rabi, rabinsa fari rabinsa ja, har ya yi laushi, a fasa ƙwai biyu. A zuba fulawa kofi biyu da kwata, bekin soda cokalin shayi ɗaya, ɗan gishiri, sannan gutsattsarin cakulan kofi biyu. A riƙa ɗiba da cokali ana jerawa a faranti da tazara, domin yana baje kansa. Oben ya kai zafin 190, minti goma ya isa. A fitar da shi tun tsakiyarsa na da taushi, in ya huce zai kama jikinsa. In jan sukari ya yi wuya, ina ganin dakakkiyar mazarƙwaila za ta yi. Kuma ta lura da filebon banila: na ruwa da ake sayarwa a nan, kashi 35 cikin ɗari barasa ne, ni na gari nake saya.

Mun cika faranti mun kai wa maƙwabta, har da tsohuwar nan Kirista ’yar Jamaika da ke riƙe mini yara in na makara a aiki. Na haɗa mata da tuwo da miyar taushe, ta cinye tas.

Inna, don Allah ki sa Gwaggo ta yi mini saƙon murya yadda take haɗa alkaki, daga jiƙon alkama har tsomawa a zuma, ina so in yi wa yara da Babbar Sallah. Yaya kuma ya turo mini hotunan Hawan Daushe. A ci gaba da sa mu a addu’a.

’Yarki mai kewarki