Wa'adin shekara ɗaya ne: kan 'ya'yanmu tsofaffin sojojin Amurka da aka hana kuɗin nakasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto ne a kan shirin da kuka yi game da 'ya'yan Hausawa da suka shiga aikin soja a Amurka. Shirin ya yi ma'ana, sai dai akwai maganar da wata baiwar Allah ta yi ta waya wadda aka bari ta wuce haka nan. Ta ce ɗanta ya dawo daga Iraƙi ba lafiya, ya nemi kuɗin nakasa, aka hana shi, su kuma sun bar wa Allah. Mai gabatarwa ya ce Allah ya ba da haƙuri, aka ɗauki kira na gaba. Amin ga addu'ar. Amma Hajiya, in wannan wasiƙa ta iso gare ki, ki sa yaron nan ya ɗauko takardar da aka aiko masa ya duba kwanan watan da ke samanta, domin daga ranar nan aka fara ƙirga masa shekara ɗaya ta ɗaukaka ƙara.

Na daɗe zaune a Bronx cikin jama'armu ta zango, mutanen Kumasi da Ankara da Kano da Yamai. Yaranmu da dama sun sa kaki, wasu don kuɗin makaranta, wasu don samun takardar zama ɗan ƙasa da wuri. Na ga irin wannan ambulan a gidaje fiye da ɗaya, kuma kusan kullum makomarta guda ce: a karanta layin farko, a ga an ƙi, a jefa ta cikin durowa.

Da farko a cire wa yaran nan tunanin cewa roƙo suke yi. Kuɗin da Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda kowa ke kira VA, take biya wata-wata diyya ce ta lafiyar da mutum ya rasa a bakin aiki. Ba a cire haraji a ciki, ba a duba ko mai kuɗi ne ko talaka, kuma a mafi yawan lokuta karɓarsa ba ya hana mutum ci gaba da sana'arsa. Ko bai zama ɗan ƙasa ba, ko ya tattara ya koma gida Afirka, haƙƙinsa yana nan muddin ba korar wulaƙanci aka yi masa daga soja ba. Wanda aka ƙiyasta nakasarsa ta kai kashi 30 cikin 100 zuwa sama, har ƙari ake yi masa saboda mata da 'ya'ya, da iyayen da suka dogara da shi.

To me ya sa ake hana mutum? Abu uku ake nema kafin a amince. A ga ciwo yana nan yanzu, a ga wani abu ya same shi lokacin da yake aiki, rauni ne ko cuta ko wani tashin hankali, sannan a ga abin da ya haɗa wancan da wannan. Da ɗaya ya faɗi, sai a ƙi. Takardar ƙin kuwa tana faɗin wanne ne ya faɗi. Tun daga 19 ga Fabrairun 2019, lokacin da sabuwar dokar ɗaukaka ƙara ta 2017 ta fara aiki, dole ne takardar ta lissafa har abubuwan da aka yarda da su a ɓangaren mai nema, kuma jami'in da zai duba fayil ɗin nan gaba ba ya da ikon janye su sai in an sami kuskure bayyananne. Wato wanda aka rubuta masa cewa an yarda yana da ciwon baya, an yarda ya faɗo daga mota a bakin aiki, ya riga ya ci kashi biyu cikin uku na shari'arsa. Saura likitan da zai haɗa su. Shi kuma yana can yana cewa an zalunce shi, bai karanta shafi na uku ba.

Wani ɓangare na matsalar daga tarbiyyarmu yake, kuma wannan ba zan ɓoye ba. Mun koya wa 'ya'yanmu maza cewa namiji ba ya raki. Soja kuma ya ɗora nasa a kai. Sai yaro ya yi shekaru yana ɗaukar kaya masu nauyi da gwiwa a kumbure, bai taɓa zuwa asibitin bariki ba, saboda haka babu layi ko ɗaya a fayil ɗinsa da ya nuna ya ji ciwo. Na raka ɗan yayata gwajin da ake kiran masu neman diyya su yi. A mota ya kasa sunkuyawa ya ɗaura igiyar takalminsa, sai da ya ɗora ƙafar a kan kujera yana cije leɓe. Da ya fito na tambaye shi me ya gaya wa likita. Ya ce, «Kawu, ya tambaye ni ya jiki, na ce da sauƙi.» Haka aka koya masa amsa gaisuwa, kuma a ko'ina wannan ladabi ne, amma a ɗakin nan abin da ka faɗa shi ake rubutawa. Ba ƙarya ake so ya yi ba, Allah ya kiyaye. Gaskiya ake so cikakkiya: yadda jikin yake a ranar da ciwon ya motsa, sau nawa yake motsawa a wata, kwana nawa ya hana shi fita aiki, ko yana iya sujada ko sai a kan kujera. Wanda kuma aka sa masa ranar gwajin ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba, shi ya yanke wa kansa hukunci.

Hanyoyin neman a sake duba hukunci uku ne, kuma zaɓen hanya ya danganta da abin da takardar ta ce ya rage.

Wanda aka ce hujjarsa ba ta cika ba, sai ya cike fom mai lamba 20-0995 ya haɗa da sabuwar hujja mai alaƙa da batun. Wannan ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin yaranmu. Sabuwar hujja tana iya zama rahoton asibiti, ko wasiƙar likita da ta bayyana, tare da dalili, cewa yiwuwar ciwon ya samo asali daga aikin soja ta kai rabi ko ta fi. Rabi kawai ake nema, domin doka ta ce idan hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya. Sannan ga abin da nake so iyaye mata da matan aure su ji da kyau: shaidarku ma hujja ce. Akwai fom 21-10210 da aka yi musamman don wanda ya gani da idonsa. Abokin da suka yi sintiri tare zai iya rubuta abin da ya faru ranar da bam ya tashi. Matarsa za ta iya rubuta cewa tun da ya dawo ba ya barcin da ya wuce awa uku, cewa daren 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin Amurka, idan aka fara wasan wuta a unguwa yakan shige banɗaki ya kulle ƙofa, cewa a gidan abinci ba ya zama sai inda bayansa ke jingine da bango. Uwa za ta iya faɗin yadda yake kafin ya tafi da yadda ya dawo. Ba a nemi ku faɗi sunan cutar ba, wannan aikin likita ne. Abin da kuka gani za ku rubuta, da shekarar da ya fara. Mun saba rufa wa namu asiri, musamman a kan ciwon firgici da damuwa, kada a ce ɗan wane ya taɓu. A wannan wuri rufin asirin nan yana cin kuɗin jikokinku.

Wanda kuwa yake ganin hujjarsa ta cika, karatun ta ne ba a yi daidai ba, sai ya cike fom 20-0996, wani babban jami'i da bai sa hannu a hukuncin farko ba ya sake duba fayil ɗin. A nan ba a karɓar sabuwar takarda ko ɗaya, amma ana iya neman a kira mutum ko wakilinsa a waya sau ɗaya ya nuna inda kuskuren yake. Ma'aikatar ta ce burinta ta kammala waɗannan hanyoyi biyu cikin kwana 125.

Ta uku ita ce kai ƙara gaban Hukumar Ɗaukaka Ƙarar Tsofaffin Sojoji da ke Washington da fom 10182, inda alƙali zai duba. Mutum zai zaɓa ko a yanke kan abin da ke fayil, ko a ba shi kwana 90 ya ƙara hujja, ko a zauna a saurare shi, har ta bidiyo daga gida. Layin sauraro shi ya fi tsawo, ana yin shekaru ana jira. Idan nan ma aka ƙi, akwai kotun ɗaukaka ƙara ta musamman, amma wa'adinta kwana 120 ne kacal, ba shekara ba. Kotun nan ma ba ta daɗe ba, a 1988 aka kafa ta. Kafin nan hukuncin ma'aikatar kusan ba ya zuwa gaban kotu, kuma tun zamanin yaƙin basasar Amurka doka ta hana lauya karɓar fiye da dala 10 a irin wannan aiki, wanda hakan ya sa lauyoyi suka guje shi. Tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Vietnam ne suka yi ta fama har aka sauya.

Bari in koma kan shekara ɗayan nan, don a nan ne ake asarar da ta fi ciwo. Idan mutum ya nemi a sake duba hukunci kafin shekara ta cika, kuma duk lokacin da aka sake ƙi ya sake bi cikin wa'adi, ranar da ya fara nema tana nan a tsare. Ranar da ya ci nasara, ko bayan shekara huɗu ne, za a lissafa masa bashin duk watannin nan a biya shi dunƙule. Idan ya bari shekarar ta wuce, ƙofa ba ta rufe ba, zai iya kawo sabuwar hujja ko bayan shekara goma, amma lissafin kuɗi zai fara ne daga sabuwar ranar. Wancan na baya ya tafi. Don haka ko likita bai gama rubuta wasiƙa ba, kada a zauna jira har wa'adi ya kubce, a je wurin wakilin da VA ta tantance a tsara abin da za a shigar.

Akwai kuma waɗanda aka hana a da, doka ta zo ta canza a bayansu, su ba su da labari. A sansanonin Iraƙi da Afganistan an riƙa ƙona shara a manyan ramuka, roba da batir da tayoyi da sharar asibiti, ana zuba musu man jirgi, sojoji na kwana suna tashi cikin hayaƙin. Shekara da shekaru ana ce wa masu ciwon huhu su kawo hujjar cewa hayaƙin ne. A ranar 10 ga Agustan 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar PACT, wadda aka sa wa sunan Saja Heath Robinson da ciwon dajin huhu ya kashe. Dokar ta lissafa cututtuka fiye da 20, ciki har da asma da ta bayyana bayan barin aiki, da ciwon hanci da na huhu masu daɗewa, da nau'o'in ciwon daji da dama. Wanda ya yi aiki a wuraren da aka ambata a lokacin da aka ambata, irin su Iraƙi da Kuwaiti da Afganistan da Somaliya da Jibuti, ba sai ya kawo hujjar haɗi ba, an ɗauka aikin ne ya jawo. Duk wanda aka ƙi kafin 2022 a kan irin waɗannan cututtuka, ya sake shigarwa da fom 20-0995.

Wani abu da ke sa mutane fushi a banza shi ne lissafin kashi. Ɗan uwa ya ga an ba shi 50 a wani ciwo, 30 a wani, ya ce ai 80 ke nan, an cuce shi. Ba haka ake haɗawa ba. Bayan an cire 50, lafiyar da ta rage 50 ce, sai a ɗauki kashi 30 na wannan ragowar, wato 15, a samu 65, a ɗaga zuwa 70. Ana iya ƙin son tsarin, ni ma bai burge ni ba, amma ba kuskure ba ne da za a ɓata ɗaukaka ƙara a kansa. Haka wanda aka ba sifili kada ya yaga takarda. Sifili yana nufin an yarda ciwon na aikin soja ne, in ya tsananta sai a nemi ƙari.

Sai batun 'yan damfara, waɗanda suka cika Facebook da TikTok da alkawarin kai mutum kashi 100. Wasu kan sa yaro ya sa hannu cewa zai ba su ƙarin da ya samu na watanni biyar ko shida, har su nemi lambar sirrin shiga asusunsa. Doka ta ce sai wanda VA ta tantance ne zai wakilci tsohon soja, kuma akwai jerin sunayensu a shafin ma'aikatar da kowa zai iya dubawa. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da American Legion da VFW suna da wakilai da ke yin aikin nan kyauta, haka ma ofisoshin tsofaffin sojoji na jihohi da ƙananan hukumomi da yawa. Lauya da aka tantance ba ya karɓar ko sisi a kan neman farko, sai bayan an yanke hukunci, kuma abin da aka saba shi ne kashi 20 cikin 100 na bashin baya, ba na kuɗin wata-wata na gaba ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ku sake buɗe wannan magana a shiri na musamman, ku gayyato wakili da aka tantance, a fassara wa iyaye bayaninsa da Hausa, a bar su su yi tambaya. Ku kuma sanar da lambar nan a kowane irin shiri: tsohon sojan da damuwa ta kai shi ga tunanin hallaka kansa, ko danginsa, su buga 988 a Amurka su danna 1, dare ko rana.

Na gode da filin da kuke ba mu. Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga unguwar Bronx, birnin New York