Wasiƙa daga Sakkwato: buhun ƙarƙashin tebur

Aminina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Yaya Legas, yaya maiɗakinka da yara? Mu nan lafiya lau, sai hunturu. Hazo ya lulluɓe gari, leɓe duk ya tsattsage. Ko da yake gara wannan da zafin Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40.

Ka tambaye ni yadda nake da Ubangiji kwanan nan. Ba zan ɓoye maka ba, tun kafin Kirsimeti addu'ata ta bushe. Ina durƙusawa, baki na motsi, zuciya na shago.

Ka san buhun nan da ke ƙarƙashin teburin yanka, inda nake jefa ragowar yadi. Wata mama daga zumuntar mata ta kawo atamfa yadi shida, huɗu da rabi na ɗinka mata. Sauran na naɗe na cusa a buhu, kamar yadda kusan kowane tela ke yi. Ta zo karɓa, ta biya, har ta sa mini albarka. Albarkar nan ce ta tsaya mini a wuya.

Ran Lahadi aka karanta 1 Bitrus 1:15-16, inda aka ce mu zama masu tsarki cikin dukan al'amuranmu. Da na koma gida na bi diddigin maganar har Littafin Firistoci sura 19. Surar da ta fara da kiran tsarki, ita ce a aya ta 35 ta hana zamba wajen awo, har da awon tsawo. Wato tef ɗin da ke rataye a wuyana. Ni kuwa duk shekarun nan a ganina tsarki shi ne barin giya, zuwa sujada, da fid da zakka.

Litinin da safe na zazzage buhun a kan tabarma. Shadda, leshi, atamfa, wasu har sun yi ƙura. Na mama na kai mata har gida a Mabera, kunya kamar in nutse. Ta juya yadin, ta ce zai yi wa jikarta siket, ta kawo mini ruwa. Malamin da ke surfani kusa da shagona ya ga ina rarrabawa, ya ce a wajensu ma amana ake kiran wannan.

A daren ne na iya karanta Zabura 51 har ƙarshe ba tare da hankalina ya gudu ba. Saura ƙaryar “zo gobe”, ita kam har yanzu muna kokawa.

Ga abin da nake son shawararka a kai. Akwai ƙyalle goma sha ɗaya da na kasa tuna masu su. Na so in ɗinka wa marayun ikilisiya riguna, sai na ce anya mutum na kyauta da abin da ba nasa ba? Ka yi addu'a, ka rubuto mini. Ka gai da Baba in kun yi waya.

Naka cikin Ubangiji.