Ciwon hantar garkuwar jiki da lafiyar ɗan tayi

Malam Edita,

Da an ce ciwon hanta a Zariya, hankalin kowa kan tafi ga hepatitis B. Akwai wani kuma da ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba: garkuwar jikin mace ce ke juyowa ta far wa hantarta. Gwajin hepatitis B da C ya fito lafiya lau, alhali ALT (ma'aunin lahanin hanta a jini) da IgG (sinadarin garkuwar jiki) sun hau, idanu sun yi rawaya, a gida a ce shawara ce a ɗora ta kan jiƙo da sassaƙe.

Idan aka ɗauki ciki cutar na tashe, abin da ke cikin ne ke shan wahala: ɓari, haihuwar bakwaini, ko jariri ɗan mitsitsi. Shi ya sa ake so hanta ta lafa shekara guda kafin juna biyu.

Abin da ya fi damunmu shi ne mace ta ajiye magani ranar da ta ga ɓatan wata, don tsoron kada ya taɓa yaron. Prednisolone da azathioprine ana ci gaba da su har haihuwa, ajiye su ne ke tayar da cutar. Mycophenolate ne haɗari, yana jawo ɓari, tsagewar leɓe da ganɗa, da nakasar kunne. Likita zai canza shi aƙalla mako 6 kafin ɗaukar ciki. Prednisolone kuma na iya ɗaga sukari, don haka a gwada tsakanin mako 24 da 28 na ciki.

A roƙi gwajin anti-Ro, wani sinadarin garkuwar jiki da ake samu a jinin wasu mata. Wannan sinadari na ratsa mabiyiya ya rage bugun zuciyar ɗan tayi, don haka wadda aka samu da shi sai a riƙa duba zuciyar yaron daga mako 16 zuwa 26. Wadda hantarta ta riga ta ƙanƙance, a leƙa maƙoshinta da na'ura a watanni ukun tsakiya, domin jijiyoyin wurin na iya fashewa ta yi aman jini.

Irin wannan ciki awonsa na babban asibiti ne, kamar Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, likitan hanta da na mata su haɗa hannu. Maigida da uwar miji su sani cewa cutar ta fi tashi a wata ukun farko bayan haihuwa, lokacin da hankali ya koma kan suna da wankan jego. A yi gwajin hanta tun kafin arba'in.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Zariya