Sanarwa: kafin a sa hannu da kowane kamfani

Assalamu alaikum ƴan uwa abokan aiki a cibiyoyin gyaran ɗabi'ar yara.

Na ga wasu daga cikinmu suna neman kamfanin da zai riƙa karɓo musu kuɗi daga inshora, wasu kuma manhajar ajiye bayanan masu zuwa jinya. Don Allah a tsaya a duba da kyau tukuna.

Ni abin da nake fara tambaya shi ne: bayanan nan na wa ne? Fayil ɗin yaron da muke koya wa magana ko zama wuri ɗaya yana ɗauke da sirrin gidansu, da rahoton kowane zama, wani lokaci har da bidiyo. A rubuta a yarjejeniya wa ke da izinin buɗe shi, ina ake ajiye shi, da kuma lokacin da kamfanin zai sanar da ku idan an yi masa kutse.

Na sha wahalar wannan da kaina. Da na tashi barin wani kamfanin manhajar ajiye bayanai, sai suka turo mini bayanan shekara biyu a hotuna. Ba dama a nemo sunan yaro, balle a fitar da jadawalin ci gabansa. Da hannu muka sake shigar da komai, har cikin dare.

Masu karɓo kuɗi kuwa, ku tambaye su ko sun taɓa aiki da cibiyar gyaran ɗabi'a. Wanda bai san izinin da kamfanin inshora ke bayarwa na biyan kuɗin jinya yana da wa'adi ba, zai bar ku kuna aiki ba biya. Ku nemi jin ta bakin wata cibiya da suke yi wa aiki.

Mai son mu duba yarjejeniyarsa tare, ya turo mini ta gefe.