Wasiƙa kan karatun kiɗan ɗanmu

Manchesta, Ingila

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara duka. Ya Kano, ya kasuwa? Mu nan sanyi ya fara shigowa, amma alhamdu lillahi.

Saƙonka kan maganar ɗanmu ya iso. Na fahimci damuwarka: yaro ya daɗe yana kiɗa fiyano a situdiyo, mawaƙa na rububinsa, amma babu wata takardar kiɗa a hannunsa sai sakamakon WAEC, ga shi kuma ya ƙwallafa rai a kan shiga makarantar ƙwararrun makaɗa a nan Birtaniya. Kai kana ganin rashin takarda ne zai tare masa hanya. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba.

Waɗannan makarantu, irin su Royal Academy of Music da aka kafa a Landan a 1822, da Royal College of Music, da Royal Northern da ke nan garinmu a kan titin Oxford, da kunne suke ɗaukar ɗalibi. Abin da suke nema na karatun boko kaɗan ne. Wasu darasi biyu na A Level, wato jarrabawar kammala sakandare ta nan, kawai suke so, ko da makin ya tsaya a E, mafi ƙanƙantar makin ci. Akwai jarrabawar kiɗa ta ABRSM, wata hukumar jarrabawar kiɗa ta nan Birtaniya, mai mataki 1 zuwa 8, kuma za ka ga suna yawan ambaton mataki na 8. Galibi abin da suke nufi shi ne hannun yaro ya kai can ko ya wuce, ko da bai riƙe satifiket ba. Hukunci na ranar gwaji ne. Yaro zai shiga ɗaki, malamai biyu ko uku na zaune da biro, ya buga kiɗa biyu ko uku masu bambancin salo, sannan a yi masa tambayoyi. A watan Nuwamba da Disamba ina ganin yaran a bakin ƙofa, wani rungume da akwatin goge, wani yana hura hannuwansa don kada sanyi ya daskarar masa da yatsu kafin a kira shi. Na ƙasashen waje kuwa sau da yawa ana karɓar bidiyonsu.

Abin da ke damuna a kansa shi ne karanta rubutun kiɗa. Na saurari abin da ka turo mini; wallahi yaron yana da kunne, sau ɗaya zai ji waƙa ya kama ta. To amma a gwajin nan akan ajiye wa mutum takardar kiɗan da bai taɓa gani ba, a ba shi ɗan lokaci ya duba, a ce bismilla. Akan kuma buga sauti a ce ya maimaita da baki ko ya faɗi tazarar da ke tsakani. Na biyun ba zai ba shi wahala ba. Na farkon kuwa sai ya zauna ya koya daga tushe, kullum, a gaban malami, ba a waya kaɗai ba. Kuma ya nemi fiyano mai nauyin maɓallai 88 ya saba da shi, domin ƙaramin na situdiyo ba ya gina ƙarfin yatsu.

Ya kuma tsaya ya zaɓi fanni da kyau. Idan ya nemi sashen kiɗan Turawa na dauri, zai yi gogayya da yaran da tun suna shekara biyar ake ɗora su a kan kujerar fiyano. Amma Leeds Conservatoire na da sassan jaz da kiɗan zamani da haɗa sauti da kiɗan fim, Royal Northern ma na da digirin kiɗan zamani. A can ne aikin da ya yi a situdiyo zai zama jari, har ya tura musu abin da shi kansa ya tsara. Kada ya ɓoye kalangu da salon gida da ke cikin kiɗansa. Shi ne abin da sauran ba za su zo da shi ba.

Shawarata, kada ya yi gaggawar bana. Ya ba kansa shekara guda. Makarantar MUSON da ke Onikan a Legas tana koyarwa tana kuma shirya jarrabawa, har da difloma ta shekara biyu da gidauniyar MTN ke ɗaukar nauyin ɗalibai. Idan yana son satifiket, ya sani ABRSM ba ta barin mutum ya zauna mataki na 6 zuwa 8 sai ya ci na 5 a ilimin ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa, Trinity kuwa, wata hukumar jarrabawar kiɗan daban, ba ta gindaya wannan sharaɗi.

Neman shiga yawancin makarantun nan na Birtaniya ta UCAS Conservatoires ake yi, wato shafin neman gurbi a makarantun kiɗa, ana rufewa a farkon Oktoba, kuma galibinsu suna da kuɗin gwajinsu. Makarantar Guildhall da ke Landan ita kai tsaye ake nema. Akwai jarrabawar Turanci ta IELTS. Batun WAEC, ya rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na kowace makaranta da kansa.

Sai maganar kuɗi, ba zan ɓoye maka ba. A manyan makarantun Landan ɗalibin waje na biyan sama da fam dubu 25 a shekara, ban da haya da abinci, kuma ba a ba da biza sai an nuna kuɗin a banki. Tallafin da suke bayarwa yawanci daga abin da suka ji a gwajin yake fitowa.

Ka ce ya kira ni ranar Asabar bayan la'asar, mu zauna a kan jerin kiɗan da zai fara da su. A gaida Hajiya, a shafa mini kan yara.

Naka,
amininka