A duba yadda hedimastoci ke riƙe makarantu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan shugabancin makarantun firamare da karatu ya ja baya a cikinsu.

A shekarar 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malamai jarrabawa, fiye da 21,000 suka faɗi, sai hankalin jama'a ya koma kan malamin aji, aka manta da wanda ke riƙe da makarantar. Na yi aiki ƙarƙashin hedimastan da kullum yake ja layi da jan biro a rajistar zuwa aiki, ya yi wa malamai tsawa gaban ɗalibai, alhali ɗan aji shida ba ya iya karanta sunansa. Wanda na ga ya ɗaga makaranta kuwa yakan zauna a bayan aji ya saurari darasi, ya buɗe littattafan yara da hannunsa, ya gyara wa malami a keɓe, sannan ya zaunar da iyaye da mai unguwa kan yaran da talla ke hana su zuwa.

Ina kira ga hukumomin ilimin bai ɗaya na jihohi da su daina naɗa hedimasta saboda daɗewa a aiki kawai, su horar da shi kafin a damƙa masa makaranta.

Naka,
Wani tsohon malami, Zariya