Al'adata ta ɗauke wata 4, kuma kunya ta hana ni komawa wajen likita

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Dan Allah a ɓoye sunana.

Shekarata 28, shekara 3 da aure, har yanzu Allah bai kawo rabo ba. Ɓatan wata kam ina yi, sai dai ba irin wanda ake wa barka ba, tun ina budurwa a shekara sai in ga jini sau 5 ko 6 kawai. Ga gashi a haɓa, ga ƙuraje, bayan wuyana ya yi baƙi kamar dauɗa na yi ta dirza har fatar ta saɓule, ashe ba dauɗa ba ce. Bara likita ta yi min sikanin da gwajin jini ta ce PCOS ne, wata matsalar hormon da ke samun mata, wai alamomi 3 ake dubawa, rikicewar al'ada, yawan hormon ɗin maza, da kuma ƙananan ƙwayaye da suka fara girma suka tsaya a ma'ajiyar ƙwai, in an samu 2 an gama magana, toh ni duka ukun na haɗa. Ta ce jikina ba ya jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yadda ya kamata shi ya sa yake ta zubo shi da yawa, shi kuma ya ƙara tunzura hormon ɗin mazan. Ta rubuta min metformin.

Anti wallahi maganin nan ya wahalar da ni, tashin zuciya da gudawa, bayan sati 2 na ajiye shi ban gaya mata ba, ban gaya wa maigida ba, har yau in ya tambaya sai in ce eh na sha.

Sai na ce bari in gwada gyara da kaina. Na bar lemon kwalba da shayi mai sukari, na rage farar shinkafa da burodi, na koma wake, ƙwai, kifi da ganye, ina tafiyar ƙafa minti 30 sau 5 a sati, na daina kwana ina danna waya. Dama likitar ta ce ko kashi 5 cikin 100 na nauyina na sauke al'adar za ta iya dawowa, kuma gaskiya ta faɗa, daga kilo 92 na dawo 87, jini ya zo da kansa wata 2 a jere, ranar har kuka na yi dan murna. Daga nan shiru. Yau wata 4, na yi gwajin ciki sau 3 babu komai.

Yanzu kowa ya zama likita a kaina, wannan ta ce kirfa, waccan ta ce hulba, wata ta ce shayin na'ana'a safe da yamma yana rage gashin fuska, ƙawata kuma ta dage sai na sayi wani sinadari da ake sha wai shi inositol. Na'ana'ar ina sha dan bata da wuyar sha, amma hantsakin cire gashina bai huta ba tukuna. Abin da yake hana ni barci shi ne maganar likitar da ta ce kar in bari ya wuce wata 3 ban ga jini ba, saboda bangon mahaifa yana ta kauri, in an ɗau shekaru a haka yana iya zama babbar matsala har da cutar kansa.

Toh Anti ya zan yi? Gyaran abinci da motsa jikin nan za su iya tsayawa su kaɗai in na ƙara haƙuri, ko dai dama tare ya kamata su tafi da magani ni ce na raba su? Ganyayyakin nan in bar su ko babu laifi a haɗa? Na ji ana ba masu neman haihuwa letrozole dan ƙwai ya fita, in tambaye ta ko na yi gaggawa? Sannan da wane baki zan gaya wa maigida wata 8 kenan kwalin maganin yana ƙasan akwatina, shi da yake tuna min kullum bayan cin abincin dare.

Taki,
Mai sauraronki kullum